Rim ɗin alminiyam na kan Daf sun yi farin gari da ramuka, yaya za a dawo da su kamar na kamfani?

Mai Daf:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ƙarfe. Kan Daf ne ɗan Beljiyam, ya zo da rim shida na alminiyam ƙirar Alcoa, 22.5 × 9.00, masu ramin noti goma. Biyun gaba dishi-dishi kawai suka yi. Na baya kuwa sun yi wani farin gari kamar an barbaɗa musu toka, in ka kankare da farce sai ka tarar da ƙananan ramuka a ƙarƙashi, musamman kewayen notuna. A wurin wanki an zuba wa ɗaya wani ruwa mai ƙarfi, ya koma fari fat kamar alli, da layi-layi inda ruwan ya gangara. Ni ba ƙyallin madubi nake nema ba, so nake su koma yadda suka fito daga kamfani. Wani ya ce a fesa musu yashi, wani ya ce fenti kawai. Wanne ne daidai, kuma me zan saya?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan farin garin shi ne tsatsar alminiyam. A Turai ana watsa gishiri a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, gishirin nan ne ke huda siririyar fatar da ke kare alminiyam ya shiga ci ta ƙasa. Dalilin da ya sa ya fi yawa wajen notuna shi ne a nan alminiyam ke haɗuwa da baƙin ƙarfe, in danshi ya shiga tsakaninsu alminiyam ɗin ne ke cinyewa.

Kafin ka sayi komai, yi gwaji ɗaya. Samu Autosol, man goge ƙarfe, ka ɗiga kaɗan a farin ƙyalle, ka goga a wuri mai tsabta. In ƙyallen ya yi baƙi, zallan alminiyam ne, ana iya sa masa samfefa. In bai yi baƙi ba, akwai wani abu a kansa: ko kiliya, wato fenti mara launi da ake fesawa a sama, ko wata kariyar fuska da Alcoa ke kira Dura-Bright. Duba sitikar jikin rim ɗin, sunan yana rubuce. Mai Dura-Bright ruwa da sabulu kaɗai yake so. Ka sa masa samfefa ko folish, ka cire abin ke nan, kuma babu garejin da zai mayar maka da shi.

Sai abu na biyu, wanda ya fi kyan gani muhimmanci: a tabbatar rim ɗin ya cancanci wahalar. A wanke shi tas, a shafa kalanzir tsakanin ramukan noti da kewayen manyan ramukan iska da ramin bawul, a bar shi minti 20, a goge ya bushe, a barbaɗa garin alli. In akwai tsagewa kalanzir zai fito ya zana ta a jikin allin kamar zare. Wanda ya tsage ya gama aiki, kada a kai shi walda. Haka wanda ramin notinsa ya zama kamar ƙwai, ko wanda sitikarsa ta ƙone saboda birki ya taɓa kamawa. Zafin da ya kai digiri 200 yana rage wa irin wannan alminiyam ƙarfi ko da ido bai ga komai ba, shi ya sa ba a gasa shi da wuta don a miƙe shi.

Baban Walid:
Oga, kada ka yarda a yi aikin da taya a jiki. A cire ƙwayar bawul iska ta fita gaba ɗaya tukuna, sannan a sauke tayar. Duba inda bakin taya ke zama, sau da yawa farin garin ya fi taruwa a can, shi ke sa tubles ta riƙa sacewa a hankali kana ta zargin ƙusa. A goge wurin da soson gogewa na Scotch-Brite har ya yi santsi. Ka shafa yatsa a leɓen rim ɗin ma, in ya ci ya yi kaifi zai yanka gefen taya. Bawul kuma a sa sabo da sabuwar robarsa, ba shi da tsada.

Mai Folish:
Alhaji, maganar yashi ka ajiye ta. Alminiyam na da taushi, yashi zai bar shi da kaushi kamar bangon da aka yi wa yaɓen siminti, sai ka ninka aikin samfefa kafin ka shafe wannan kaushin. Burushin waya na baƙin ƙarfe da soson ƙarfe su ma a'a, suna barin ɓurɓushinsu a jiki, bayan ruwan sama biyu ka ga ɗigo-ɗigon jar tsatsa.

Fara da wanki da sabulun wanke kwanuka da ruwan ɗumi, kwalta da giris a cire su da kalanzir, a sake wankewa. Duk maiƙon da ya rage zai toshe samfefa cikin minti ɗaya.

Kyan aikin nan duk a samfefa yake, folish ba ya ɓoye komai, tona asiri ma yake yi. Na bayan nan masu ramuka ka fara da lamba 180. Na gaba da suka dusashe kawai, 400 ta isa mafari. Wanda aka ƙona da ruwan wanki ka fara masa da 320, domin farin nan a sama yake, bai yi zurfi ba. Daga 180 sai 240, 320, 400, 600. Kada ka tsallake ko ɗaya. Wanda ya tashi daga 180 ya faɗa 400 zai ga kamar ya yi sauri, sai a ƙarshe zanen 180 ya fito ɓaro-ɓaro a rana, dole ya koma baya.

Dabarar da za ta nuna maka lokacin canja lamba: kafin kowace sabuwar samfefa, zazzana fuskar rim ɗin da baƙin alƙalamin maka. Ka goga har baƙin ya ɓace ko'ina. Inda ya maƙale, nan ne rami ko tsohon zane yake. Kuma ka riƙa sauya hannu, in wannan lambar ka bi da ita a kewaye, ta gaba ka bi a gicciye, ta haka za ka gane zanen wacce ce ya rage. Daga 400 zuwa sama a jiƙe ake yi, da ruwa a bokiti da ɗigon sabulu, a riƙa tsoma takardar. Kada ka goga da yatsu tsirara, naɗe takardar a guntun roba ko tsohon silifa, in ba haka ba fuskar za ta yi kwari-kwari.

Game da ramukan, kada zuciya ta ɗebe ka ka ce sai ka ga ƙarshen kowanne. In 180 ta share yawancinsu, sauran 'yan masu zurfin da farce ke kamawa ka bar su, ka dai cire garin cikinsu da burushin da ba ya tsatsa. Bin rami ɗaya har ƙasa yana barin kwarmi mai faɗin tafin hannu wanda ya fi ramin muni, ga rage kaurin ƙarfen da ke ɗaukar lodi. Da'irar da notuna ke zama a kai da bayan da ke manne da hob, wato ƙarfen da ake ɗaura rim a jikinsa, kuwa ba a cin su da samfefa mai kaushi sam, gogewa kawai ake yi su yi tsabta, su zauna a shafe.

Yanzu kamannin kamfani. Tun da ba madubi kake so ba, irin mai siraran layuka a kewaye kake nufi. A 600 za ka tsaya. Ɗora rim ɗin a tsohon hob da aka kafa a benci, ko a hob ɗin gaba bayan an ɗaga motar an tokare ta da kyau, yaro ya riƙa juya shi da hannu. Kai kuma ka danna jan Scotch-Brite a fuskar, kana matsawa a hankali daga tsakiya zuwa baki, ba tare da komawa baya ba. Maimaita da mai ruwan toka, wanda ya fi laushi. Layukan za su fito a jere kamar daga injin kamfani. Kada a tayar da mota a sa giya don tayar baya ta juya, ramukan iskan nan suna kama yatsu.

In ka canja ra'ayi kana son ƙyalli, ci gaba zuwa 800, sannan faifan yadi mai tauri da sabulun folish mai ruwan ƙasa a gudun juyi 3,000 zuwa 3,500 a minti, sai faifai mai laushi da koren sabulu a wajen 2,000. Kowane sabulu da faifansa. Faifan inci 8 ba a ɗaura shi a ƙaramar giranda mai gudun 11,000, zai tarwatse a fuskar mutum.

Tanadi takarda uku na kowace lamba ga kowane rim, 180 kuma ka ƙara. Mai ramuka zai ci awa uku zuwa huɗu. Na cikin baya guda biyu ba mai ganinsu, wanki da cire gari ya ishe su. Ka lura kuma na gaba bayan kwanon rim suke nunawa waje, na wajen baya cikin kwanon, kada ka ɓata yini a fuskar da za ta ɓuya. Takunkumi da tabarau dole ne, kuma a share ƙurar alminiyam kafin wani ya zo yana yankan ƙarfe kusa, tartsatsi na iya kunna ta.

Abban Sadiya:
Ni dai a ganina fentin silba ya fi sauƙi, kwana ɗaya an gama.

Mai Fenti:
Malam, fenti na rufe ramuka, gaskiya ne, amma kamannin rim ɗin ƙarfe zai ba shi, ba na Alcoa ba. In ramukan sun yi yawan da samfefa ba za ta iya ba, to a yi shi daidai. A tsaya a 320, a goge da tina mai tsabta, a fesa firaimar ifoksi ko irin mai cin ƙarfe a ranar, domin alminiyam na sake yin fatarsa nan da nan kuma fenti ba ya kama ta. Firaimar da aka saba sa wa bodi za ta ɓare kamar bawon albasa. Silba hannu biyu zuwa uku marasa kauri, minti 10 zuwa 15 tsakani, sai kiliya mai hadina, wato sinadarin da ke sa ta taurare, hannu biyu, yawanci kashi biyu da ɗaya ake haɗawa amma a bi abin da ke jikin gwangwani. A rufe mazaunin notuna da bayan da ke taɓa hob da mazaunin bakin taya da tef. Fenti a wurin nan yana murƙushewa in mota ta yi tafiya, noti ya saki. A bar shi aƙalla kwana uku kafin a kai wa mai faci. In lokacin hunturu ne a yayyafa ruwa a ƙasan wurin, a yi feshin da sassafe kafin iska ta tashi.

Shi kuwa wanda aka goge ya koma zalla, ban ba da shawarar kiliya a kansa ba. Dutse ɗaya ya fasa ta, ruwa ya shiga, sai tsatsa ta riƙa tafiya a ƙarƙashi kamar sawun tsutsa. Kakin mota ya fi, a shafa duk wata ɗaya ko biyu.

Injiniya:
Ƙari a kan ruwan da aka zuba a wurin wanki. Masu farar da alminiyam nan take galibi asid ne, wasu da sinadarin fuloraid a ciki, wanda ke ratsa fata ya kai ƙashi tun mutum bai ji zafi sosai ba. Ruwan batir da sodar yin sabulu su ma cin alminiyam suke yi. Kafin a sa wa wancan rim ɗin samfefa a wanke shi da ruwa mai yawa, a bi da cokali uku na bekin soda a lita ɗaya ta ruwa, a ɗauraye. Nan gaba sabulun wankin mota kawai, kuma sai rim ya huce. In an yi lodin siminti, taki ko shanu, ko an kwana biyu a layin Apapa a Legas cikin iskar teku, a wanke da wuri. Jiƙaƙƙen siminti yana saurin ɓata shi.

Mai Daf:
Allah ya saka da alheri. Na gwada, biyar sun baƙanta ƙyalle, ɗaya na gaba bai yi ba, kuma na ga Dura-Bright a sitikarsa. Alli bai nuna tsagewa a ko ɗaya ba. To yaya zan yi da wannan ɗayan, kuma akwai abin lura wajen mayarwa?

Baban Walid:
Wancan ɗayan wanke shi da sabulu da soso mai laushi ka gani, sau da yawa datti ne kawai ya dusashe shi. Sai ka daidaita hasken abokinsa da shi, in ya fi haske ka ɗan bi abokin da Autosol bayan Scotch-Brite.

Wajen mayarwa, a kankare tsatsar fuskar hob da ta durom tukuna, a shafa giris kaɗan a 'yan haƙoran hob da rim ke hawa, ban da fuskar da ke mannewa. Notunan M22 ne, a sa baƙin mai ɗigo biyu a zaren da biyu tsakanin noti da wosharsa. A ɗaura a gicciye, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da sifana mai auna ƙarfi, ba bututu da tsalle a kai ba. Irin waɗannan tsakanin 600 da 700 Nm suke a ma'aunin sifanar, ainihin adadin yana littafin motar. Bayan kilomita 100 na farko a tsaya a sake bin su duka, musamman na baya da aka goge fuskokinsu.