Tumatirin da ba a ba shi ruwa: gadon kakanni ne ko cimar masu hali?

Sani: Assalamu alaikum jama'a. Jiya na ce mutanen Bahar Rum sun daɗe da warware matsalar noman tumatir ba ban-ruwa da ta ajiyarsa, Injiniya ya ce in kawo hujja. To ga ta. Shekarata shida ke nan a wajen Napoli ta Italiya. Dattijuwar da nake haya a gidanta tana da tumatir rataye a rumfar bayan gida tun watan Agusta. Yanzu muna cikin Janairu, kuma shekaranjiya a gabana ta tsinko guda goma ta yi miyar taliya da su. Ba firji, ba gishiri, ba gwangwani. Sunansa piennolo. Bai kai ƙwan zabuwa girma ba, yana da ɗan tsini a ƙasa, fatarsa kuma da kauri. A gangaren dutsen Vesuvio mai aman wuta ake noma shi. Ana yanko shi da reshensa, a jera a igiya har ya zama ƙaton dami, a rataye inda iska ke ratsawa. Yana ɗan motsewa a hankali, ɗanɗanonsa yana ƙara ƙarfi, wani ya kai har bazara. Tarayyar Turai ta yi wa sunansa rajistar kariya a 2009. Abin da nake cewa shi ne: amfanin gona da ba ya shan ruwan rijiya, ba ya buƙatar lantarki wajen ajiya, kuma kaka da kakanni suka bar wa mutane, wannan shi ne abincin gargajiya mai ɗorewa na gaskiya.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Sani, kalmar "kaka da kakanni" ce ta tsaya mini. Tumatir ba ɗan Bahar Rum ba ne. Daga nahiyar Amurka Sifaniyawa suka kawo shi bayan sun ci Meziko. Likitan nan Mattioli ya ambace shi a 1544, amma an daɗe ana kallonsa da tsoro saboda danginsa masu dafi. Sai a ƙarshen ƙarni na 17 aka buga yadda ake miyarsa a Napoli, shi ma marubucin, Antonio Latini, cewa ya yi irin ta Sifaniyawa ce. Taliya da miyar tumatir kuwa sai daga baya can ta shiga littafin girki. Alkama da zaitun su ne tsofaffin gida a can, shekara dubbai. Tumatir baƙo ne.

Hajiya Rabi: Haba Malam. In haka ne ai ƙuli-ƙuli ma ba namu ba ne, tunda gyaɗa ma daga nahiyar Amurka ta zo. Barkonon yaji ma haka, masara haka, rogo haka. Abin da mace ta koya wurin uwarta, ita ma ta koya wurin tata, har sau bakwai ko takwas, in bai zama gargajiya ba me zai zama?

Malam Habibu: Na karɓi wannan, Hajiya. Abin da nake gudu shi ne yadda ake tallarsa kamar tun zamanin Rumawa ake ci. Ko sunan "cimar Bahar Rum" da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2010, wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, shi ya yayata ta bayan yaƙin duniya na biyu.

Injiniya Bashir: Ni ba tarihi ne damuwata ba, lissafi ne. Italiya tana sarrafa tumatir sama da tan miliyan 5 a shekara, kuma kusan dukkansa na ban-ruwa ne, daga kwarin kogin Po da filayen Foggia. Hekta guda a can tana ba da sama da tan 70. Gonar da ba a ba ta ruwa ba ta ko kusa da haka. To in ka ce kowa ya koma wancan salon, filin da za a share ya ninka sau nawa? Sannan Sani, ka binciki ƙa'idar rajistar piennolo ɗin da ka ambata. Ba ta hana ruwa gaba ɗaya ba. Ta hana kwararo ruwa a kunya da feshi mai yawa, amma ta yarda da ban-ruwa na ɗigo. Ke nan ko su masu shi sun san wata shekarar ba ya yiwuwa haka kawai.

Sani: Ban san da wannan ba. Zan tambaya.

Maryam: Yaya Bashir, ina ganin kun haɗa abu biyu ne. Bari in ɗan tsawaita, don wannan fannin nake karantawa.

Na farko, "ba ban-ruwa" ba ya nufin "ba ruwa". Yanayinsu kishiyar namu ne. Su ruwan sama da sanyi yake zuwa musu, daga wajen Oktoba zuwa Maris, lokacin zafi kuma sama ta ɗauke. A tsakiyar tsibirin Sisili na Italiya, wajen Valledolmo, akwai wanda suke kira siccagno, wato ɗan busasshiyar gona. Ƙasar wurin laka ce mai riƙe ruwan hunturu a can ƙasa. Ana dashe a bazara, a ɗan jiƙa ramin ranar dashen kaɗai, shi ke nan. A bar tazara mai faɗi tsakanin tushe da tushe don kada su yi rububin laima. Daga nan aikin na fartanya ne: a riƙa farfasa fuskar ƙasa don kada ta tsage ta fitar da danshin da ke ciki. Shukar da ba ta samu ruwa a sama ba dole ta zura saiwa ƙasa. 'Ya'yanta kaɗan ne, ƙanana, amma ruwansu kaɗan ne, tsokarsu da yawa. Saboda haka lissafin tan bai cika ba, Yaya. Tumatirin ban-ruwa kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, kuma masana'anta wuta take ƙonawa ta kore shi kafin ya zama na gwangwani. Matan Sisili kuwa a kan faifan katako suke shimfiɗa markaɗen da gishiri, su riƙa juyawa a rana kwana da kwanaki har ya yi kauri ya yi duhu, su kira shi strattu, su danna a tulu su rufe da man zaitun.

Na biyu, daɗewar da yake yi a rataye ba daga rashin ruwa kaɗai take ba, daga iri take. Na Mayorka, ɗaya daga tsibiran Baleyar na Sifaniya, da ake kira ramellet, wanda suke gogawa a burodi da mai da gishiri, da na rataye na gabashin Sifaniya, yawancinsu suna ɗauke da wani sauyi a ƙwayar halitta da ake kira alcobaça, mai jinkirta nuna da laushi. Manoma ne suka zaɓo shi da idonsu, shekara bayan shekara, suna ajiye irin wanda ya kai ƙarshen hunturu bai ruɓe ba. Masu bincike a jami'ar tsibiran Baleyar sun yi aiki a kan yadda yake jure fari. A wurina wannan irin shi ne dukiyar, ya fi tumatirin kansa daraja.

Injiniya Bashir: Ƙanwata, na yarda da batun tsoka. Amma ko kin cire ruwan, tazarar ba ta rufe ba. Kuma kin ce dogaronsa ga ruwan hunturu ne. In hunturun ya zo babu ruwa fa? A 2024 sai da gwamnatin Italiya ta ayyana dokar ta-ɓaci a Sisili saboda fari. Tafkin Pergusa ya kusa ƙafewa, mutanen Agrigento suna jiran ruwan famfo kwanaki. A Agustan 2021 an auna zafi digiri 48.8 kusa da Siracusa, mafi tsanani da aka taɓa tabbatarwa a Turai. Furen tumatir zubewa yake in zafi ya yi irin haka. Salon da ya dogara da yanayin da ke canzawa, ta yaya za a ce masa mai ɗorewa?

Maryam: To a wannan shekarar ta fari, mai ban-ruwa daga wane dam zai ja? Su ma madatsun sun ƙafe ai. Ka dubi Almeriya a Sifaniya, rumfunan leda sun rufe sama da hekta 30,000, ana ganinsu daga sararin samaniya, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya har na teku yana kutsowa cikin rijiyoyi. Tan ɗin da kake ƙirgawa bashi ne ake ci daga ƙasa.

Malam Isa Marwa: Ina ta karantawa ina mamaki, don abin da Maryam ta siffanta shi muke yi da masakwa, dawar da ake dasawa da rani. Bayan damina ta ɗauke, a baƙar laka ta wajen Marwa ta Kamaru har zuwa gefen Tafkin Chadi, ana huda rami da sanda, a zuba ruwa kaɗan, a dasa. Ba ta ƙara ganin ruwa har girbi cikin sanyi. Kuma kowane manomi ya san shekarar da laka ba ta sha ta ƙoshi ba, ba a wahalar da kai. Ba wanda ya taɓa cewa masakwa za ta ciyar da ƙasa duka, amma gidan da ke da ita ba ya shiga bazara da rumbu wayam. Ina ganin su ma can haka abin ya faro: cimar talaka ce ta lokacin da gona ba ta ba da komai.

Hajiya Rabi: To yanzu talakan ne ke ci? Sani, nawa ake sayar da damin?

Sani: Gaskiya da tsada, Hajiya. Kilonsa ya ninka na tumatirin kasuwa sau da dama. Gab da Kirsimeti ana sa shi a kwali mai kyau ana kai wa mutane tsaraba. Ni kaina in zan yi miya na gwangwani nake saye.

Hajiya Rabi: Ka ga inda nake zuwa. Shekara ashirin ina sana'ar busasshen tumatir. Muna saye lokacin da kwando ya faɗi, a yanka a shanya, a fitar da shi da damina in ɗanye ya gagari mutane. Mai ƙaramin ƙarfi ne ke saye. Ranar da na ga an sa shi a kwali ana kai wa manya, na san ya bar hannun masu shi.

Malam Habibu: Abin da ya faru a Santorini ta Girka ke nan. Tsibiri ne mai ƙarancin ruwan sama, ƙasarsa tokar aman wuta ce mai tsotse raɓar dare, ita ke raya ɗan ƙaramin tumatirinsu. A da masana'antun markaɗe ne ke riƙe da tsibirin. Girgizar ƙasa ta 1956 ta kori mutane da yawa, daga baya yawon buɗe ido ya zo, gonaki suka koma masaukin baƙi. Tumatirin ya samu rajistar kariya a 2013, amma masana'antar Vlychada yau gidan tarihi ce, baƙi ke shiga kallon injuna.

Umar: Ku yi haƙuri in sa baki, don tun ɗazu ana maganar ruwa da ƙasa ba a ambaci mutum ba. Na yi kaka biyu ina tsinkar tumatir a filayen Foggia. Da asuba ɗan kwangila zai cusa mu a mota mai kujerun katako, ya cire kuɗin mota da na ruwan sha daga abin da muka samu. Ba da awa ake biya ba, da akwati ne, ƙaton akwati mai cin kilo 300. Kana tuge shukar kana kakkaɓewa, ƙura na shiga maƙogwaro, ba ka miƙewa sai ya cika. A Agustan 2018, cikin kwana uku, haɗarin mota biyu ya kashe leburori 16 a wannan yankin, 'yan Afirka, suna dawowa daga gona. Akwai doka ta 2016 da ta tsananta hukunci a kan irin wannan kwangilar, amma na bar wurin ana yi. Injiniya, arhar gwangwanin nan ba daga ban-ruwa kaɗai take ba. Ni ban ce tumatirin rataye zai ciyar da duniya ba, kuma ban ce duk ƙaramar gona tana biyan haƙƙi ba. Amma in an ce mini wancan yana da tsada, sai in tuna nawa aka ba ni a akwati.

Injiniya Bashir: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Umar, ba ni da abin cewa a kan wannan, kai ka gani da idonka. Sai dai har yanzu ina kan bakana a abu guda: a kira shi iri mai daraja da ya kamata a adana, a kira shi dabarar da masu ban-ruwa za su koya su rage ɓarna. Kada a ce shi ne mafita ga miyar mutum miliyan ɗari.

Maryam: Adana shi kuwa ba a firjin jami'a ba ne kaɗai, Yaya. In ba a shuka shi a gona ana ci, zaɓen da manoma ke yi ya tsaya. Kuma ba mai shukawa in ba ya samun riba. Tsadar da Hajiya ke ƙorafi a kai, ita ce ta hana wasu sayar da gonar.

Hajiya Rabi: 'Yata, na ji. Amma jikar wadda ta ƙirƙiro shi ta kasa saye, wannan bai kwanta mini ba.

Sani: Na dawo daga wurin dattijuwar. Injiniya ya yi gaskiya. Ta ce ɗan ƙanenta ne ke noman yanzu, kuma bara waccan da bara sai da ya shimfiɗa tiyon ɗigo a watan Yuli, don ganyen ya fara ƙonewa. Ta ce mahaifinta bai taɓa kai wa gonar ko guga guda ba bayan dashe. Kuma a cewarta damin da ya sha ruwa da yawa ba ya kai Fabrairu, sai ka ga yana ɗiga a ƙasa. Ta kai ni rumfar ta nuna mini dami biyu da ta ware a kusurwa, na gefen gonar da tiyon bai kai ba. Ta ce ba mai taɓa su sai Maris. Waɗanda suka kai lokacin da ƙarfinsu za ta matse a kan takarda ta shanya, su ne irin da za a yafa bana.