Maganin wanke inji a tsohuwar Sienna: a zuba ko a bari?

Mai Sienna:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Sienna ce ta 2002, inji V6, mita tana nuna mil 170,000. Ana yi mata juyen mai duk wata uku, amma kwana kaɗan da juyen sai man ya koma baƙi ƙirin, kuma idan aka buɗe murfin da ake zuba mai akwai baƙar dauɗa da ta daskare a ciki. Da safe in an tayar da ita tana ɗan ƙara na daƙiƙa biyu ko uku sannan ta yi shiru. Wasu sun ce in sayi maganin wanke inji na gwangwani, irin wanda ake zubawa kafin juye. Wasu kuma sun ce kananzir ma ya isa. Shin maganin nan yana da illa? In za a zuba, yaya ake yi?

Bakanike Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka zuba komai tukuna, sai an buɗe an gani.

Injin da ke cikin motarka shi ne 1MZ-FE, kuma an san shi da daskarewar mai a motocin 1997 zuwa 2002, irin su Sienna, Camry, Avalon da RX300. Har Toyota ta tsawaita garanti zuwa shekara 8 a Amurka a 2002 saboda wannan matsala. Wato naka yana cikin injinan da ake yin hattara da su.

Ga abin da maganin yake yi. Yana tsinka tsohon mai, yana kuma saki dauɗar da ta manne. Idan dauɗar siririya ce, narkewa take yi ta bi mai ta fita, babu matsala. Idan kuwa ta yi kauri ta daskare kamar kwalta, minti goma ba zai narkar da ita ba. Ɓamɓarowa take yi gutsure-gutsure ta faɗa kaskon ƙasa. A nan bakin bututun famfon mai yake, da 'yar rariyar ƙarfe a kansa. Famfo yana zuƙa, gutsuren suna taruwa a jikin rariyar. Fita, wato matatar mai da ake canzawa lokacin juye, ba za ta cece ka ba, domin mai sai ya wuce rariya da famfo kafin ya kai gare ta. Rariya na toshewa ƙarfin mai ya faɗi, metal, wato faifan ƙarfen da karanshaf da kwanrod ke juyawa a kansu, su fara gogar ƙarfe da ƙarfe, daga nan sai inji ya buga. Abin haushin, ba lallai ya faru a gareji ba. Yakan jira sai an hau babban titi an taka mota, lokacin da famfo ke zuƙa da ƙarfi. Kuma kada a dogara da jar fitilar mai, don ba ta kamawa sai ƙarfin ya kusa ƙarewa.

Na biyu, injinka na da VVT-i, tsarin da ke amfani da ƙarfin mai wajen sauya lokacin buɗewar bawul. Kowane ɗaya daga kawunan injin biyu yana da bawul mai sarrafa mai da 'yar ƙaramar rariyarsa. Ƙwayar datti kaɗan ta isa ta toshe su, sai fitilar cek-inji ta kama, na'ura ta nuna lambar matsala P1349 ko P1354, mota ta riƙa rawa a silo, wato tana kunne ba a taka totur ba. Ƙarar nan ta safe ma tana iya zama alamar mai ba ya isa sama da wuri, ko don rariya ta fara toshewa, ko don fitar da ake sakawa ba ta riƙe mai idan an kashe mota.

Abin yi: a kwance murfin bawul na gaba, wanda ke wajen lagireto. Shi ne mai sauƙi, na baya sai an ɗaga manifol. Leƙe ta ramin zuba mai ba ya nuna gaskiya a wannan inji, saboda akwai farantin ƙarfe da ya tare. In an buɗe aka ga ƙarfe ya yi ruwan zuma ko ruwan ƙasa amma ana ganin kamshaf da kawunan notuna sarai, wannan rini ne kawai, ba ya cutarwa. In kuwa aka ga baƙin abu da za a iya kwasa da sukundireba, magani ya fita daga lissafi. Aikin hannu ne: a cire murfi biyun, a toshe ramukan da mai ke komawa ƙasa da tsumma mai tsabta, a kankare a kwashe, a kwance kaskon ƙasa, a ciro rariyar a wanke ta da fetur har haske ya riƙa ratsa ta, a sa mata sabon gasket. Wajen mayar da kasko a shafa silikon siriri. Wanda aka laɓta da yawa yana tsinkewa ya faɗa ciki, shi ma ya koma ya toshe rariyar da aka wanke.

Injiniya Zariya:

Oga ya gama magana a kan rariya. Ni kan kananzir zan tsaya. Kananzir da man gas ba su da santsin da zai raba ƙarfe da ƙarfe, ba su kuma da sinadarin da ke riƙe datti yana yawo cikin mai har a juye. Suna saki su bar shi ya kwanta inda ya ga dama. Sannan juye ba ya fitar da komai duka, kullum akwai ragowa a kai da hanyoyin mai da gindin kasko, kuma wannan ragowar ita za ta tsinka sabon man da ka saya da tsada. A rabu da su.

Sai dai ban yarda cewa maganin gwangwani ba shi da amfani sam ba. Idan an buɗe an ga dauɗar siririya ce, ana iya yi sau ɗaya, kamar haka. A ɗumama mota sai allurar zafi ta kai inda ta saba tsayawa, a kashe. A duba geji, mai ya kasance tsakanin alamomin biyu, don zubawa a kan man da ya riga ya yi ƙasa ganganci ne. A zuba gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Yawancinsu mililita 300 ne ko 500, kuma injinka lita 4.7 yake ci har da fita, saboda haka gwangwani ɗaya ya wadatar, ba a ƙara na biyu wai don ya fi fita. A tayar a bar ta a silo minti 10 zuwa 15. Ba a taka totur, ba a kunna AC, ba a zagaya unguwa da ita, domin man ya tsinke, ba zai ɗauki nauyi ba. Fitilar mai ta ko ƙifta, ko aka ji sabuwar ƙara, a kashe nan take. A juye da zafinsa, a bar shi ya tsiyaye sosai, a sa sabuwar fita. Man da aka zuba bayan nan kada ya wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500, a sake juyewa da wata fitar.

Idan garejin na da agogon awon ƙarfin mai, a auna kafin da bayan aikin. A wannan inji, da zafi, silo bai kamata ya gaza bar 0.3 ba, idan inji na juyi 3,000 a minti kuma tsakanin bar 3 da 5.5 ake nema.

Ka kuma shirya wa yoyo. Ba wai maganin ne ke cinye roba a minti goma ba. Tsofaffin sil ɗin sun riga sun bushe sun ƙage, dauɗar ce ke toshe tsagar. An wanke ta, mai ya samu hanya. Na murfin bawul mai sauƙi ne. Na bayan karanshaf kuwa sai an raba inji da giya.

Mai Kayan Gyara:

Ƙarin bayani ga masu bin zancen, don ana yawan haɗa abubuwa biyu. Maganin wanke nozul masu fesa fetur daban, shi a tankin fetur ake zuba shi, ba ya shiga baƙin mai, kuma haɗarinsa kaɗan ne in an bi awon da aka rubuta. A karanta gwangwani kafin a buɗe, a kuma kula da jabu, ya yi yawa a kasuwa.

Masu Peugeot mai injin 1.2 PureTech da masu Ford 1.0 EcoBoost irin na farko, bel ɗin taiminsu a cikin mai yake wanka. Kada su kusanci maganin wanki ko kananzir, bel ɗin yana zubar da ɓurɓushi ya toshe rariya. Haka yawancin babura, tunda kulocinsu a cikin mai yake. Mai Camry 2007 zuwa 2009 da ke shan mai shi ma ya sani matsalar daga ringi da fistan take, gwangwani ba ya mayar da abin da ya cinye.

Mai Sienna:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To in an buɗe ba a ga mai kauri ba, kuma ba na son zuba maganin, akwai wata hanya? Shi kuma baƙin da man ke yi da wuri fa?

Bakanike Ƙofar Ruwa:

Akwai, kuma ita na fi so. Man kirki da kansa yana ɗauke da sinadarin wanki, a hankali yake aiki. Ka sa 5W-30 na asali, wanda littafin motar ya ce, ka juye a kilomita 2,000 har sau uku, kowane karo da sabuwar fita. Daga nan ka koma 5,000, kada ka wuce, saboda zafinmu da ƙurar hunturu da cunkoso. A yanka tsohuwar fitar a buɗe takardar a duba: in ɓurɓushin yana raguwa daga juye zuwa juye, ana kan hanya. Baƙin mai da wuri ba laifi ba ne shi kaɗai, alama ce yana kwasar datti.

Amma a gyara abin da ke haifar da dauɗar, in ba haka ba za ta dawo. A canza bawul ɗin PCV, mai fitar da hayaƙin da ke taruwa cikin inji, wanda ke kan murfin baya, a busa tiyonsa a tabbatar bai toshe ba. A duba ko an cire tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, an haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda ake yawan yi a garejinmu. Injin da ba ya kai zafin aikinsa ba ya ƙone ruwa da fetur ɗin da ke sauka cikin mai, su ne kuma ke haɗuwa su zama wannan dauɗa. Idan an cire, a mayar da na asali mai buɗewa a digiri 82, a mayar da fanka kan na'urarta. In bayan juye na farko ƙarar safen nan ba ta ragu ba, kada ka jira na biyu, a kwance kasko a duba rariya.