Tambaya ga mazauna Amurka: me ya sa ake kuka da kotunan can?

Ɗalibin Samaru:

Assalamu alaikum jama'a. Ina karatun lauya ne, kuma a aji duk lokacin da aka zo maganar rabon iko tsakanin shugaban ƙasa da majalisa da kotu, da Amurka ake kafa mana misali. To amma yanzu duk labarin da na buɗe sai in ji masu ra'ayin kawo sauyi na can suna cewa dimokuraɗiyyarsu na cikin haɗari, wai Kotun Ƙoli ce ma a kan gaba wajen jawo haɗarin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a can ban ji ana gudu da akwati ba, ban ji ana hayar 'yan daba ko raba kuɗi a kan layi ba. To kukan me suke yi? Ko zafin faɗuwa zaɓe ne kawai? Don Allah wanda ke zaune can ya warware mini da abin da ya gani da idonsa.

Ɗan Maraɗi a Girinsboro:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni direban babbar mota ne, ina zaune a Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa, inda mu 'yan Nijar muke da yawa. Na samu takardar zama ɗan ƙasa, ina jefa ƙuri'a. Zafin faɗuwa akwai shi, ba zan musa maka ba. Amma akwai abin da ya fi shi girma, kuma a garin nan namu aka yi shi.

Muna da jami'a ana ce mata A&T, ita ce jami'ar baƙar fata mafi girma a Amurka. Ɗalibanta huɗu ne, ranar 1 ga Fabrairun 1960, suka zauna a kujerun wani wurin cin abinci da aka haramta wa baƙar fata, suka ƙi tashi, har abin ya bazu kudancin ƙasar. Ginin yana nan a titin Elm, an mai da shi gidan tarihi. To a 2016 majalisar jiha, wadda ke hannun 'yan Rifablikan, ta zauna shata mazaɓun 'yan majalisar wakilai ta tarayya, sai ta ja layi ya ratsa tsakiyar jami'ar nan. Ɗalibin da ɗakin kwanansa ke wannan gefen titi yana mazaɓa ta 6, abokinsa na tsallake yana ta 13. Kowane rabi kuma aka liƙa shi da yankunan da Rifablikan ke da rinjaye. Ba wanda aka kora daga rumfar zaɓe. Yaran sun bi layi, an ƙirga ƙuri'unsu daidai, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Sai dai tun kafin su fito daga ɗaki an riga an gama lissafin cewa ba za su iya fitar da kowa ba.

Kuma ba a ɓoye aka yi ba. Ɗan majalisar da ya jagoranci aikin, David Lewis, ya faɗa a bainar jama'a cewa yana son taswirar ta ba jam'iyyarsa kujeru 10, Dimokurat 3, don bai ga yadda za a zana wadda za ta ba su 11 da 2 ba. Haka kuwa aka yi. Sun samu wajen kashi 53 cikin 100 na ƙuri'un jiha a 2016, suka kwashe kujeru 10 cikin 13.

Aka kai ƙara har Kotun Ƙoli. A 2019, a shari'ar Rucho, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, Babban Joji John Roberts ya rubuta hukuncin. Bai ce abin da aka yi daidai ne ba. Cewa ya yi wannan rigimar siyasa ce, ba hurumin kotunan tarayya ba, a je a nemi gyara a jihohi. To mutane suka koma kotun ƙolin jiha. A farkon 2022 ta soke sabuwar taswirar da majalisa ta zana, aka yi zaɓen shekarar da wadda kotu ta sa aka tsara, sakamako ya fito 7 da 7 a kujeru 14. Wanda duk ya san jihar nan ya san haka take, kusan rabi da rabi. Amma mu a nan alƙalan kotun jiha zaɓensu ake yi, da sunan jam'iyya a gefen sunansu. A Nuwamban 2022 Rifablikan suka ci kujeru biyu, kotun ta koma biyar da biyu. Sai sababbin alƙalan suka sake buɗe wannan shari'ar da aka riga aka yanke, a Afrilun 2023 suka juya hukuncin. Ba a sauya ko harafi ɗaya a tsarin mulkin jiha ba, mutanen da ke kan kujerun ne suka sauya. A zaɓen 2024 sakamako ya koma 10 da 4. Wakiliyarmu ta lokacin, Kathy Manning, da ta ga yadda aka yayyanka Girinsboro, ko tsayawa takara ba ta yi ba.

Tun kafin wannan ma akwai hukuncin Shelby na 2013. Dokar kare haƙƙin zaɓe ta 1965 ta tilasta wa wuraren da ke da tarihin hana baƙar fata zaɓe su nemi izinin gwamnatin tarayya kafin su taɓa dokokin zaɓensu. Gundumomi 40 cikin 100 na jiharmu suna cikin jerin. Kotun Ƙoli ta rushe ma'aunin da ake fitar da jerin da shi, ta ce zamani ya sauya. Ba a yi wata biyu ba majalisar jiharmu ta yi doka: ta rage kwanakin da ake iya jefa ƙuri'a kafin ranar zaɓe daga 17 zuwa 10, ta soke yin rajista da jefa ƙuri'a a rana guda, ta kawo sharaɗin katin shaida mai hoto. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke dokar, bayan ta gano 'yan majalisar sun nemi alƙaluman yadda kowane jinsi ke amfani da waɗannan hanyoyin kafin su zaɓi waɗanda za su toshe.

Kai da kake karatun lauya, ka nemi hukuncin 1 ga Yulin 2024 ma ka karanta, wanda alƙalai shida suka ce shugaban ƙasa na da rigar kariya daga tuhumar laifi a kan ayyukan ofishinsa, har bayan ya sauka. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali, don na taso a ƙasar da muka ga abin da mai mulki ke yi idan ya san ba mai tambayarsa.

Hajiyar Buronks:

Malam, na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Ni 'yar zangon Kumasi ce, a Niyok na haifi 'ya'yana na tarbiyyantar da su. Wannan kotun da kuke zagi ita ce a Yunin 2025 ta tsaya wa iyaye a jihar Merilan, cikinsu har da Musulmi, ta ce suna da haƙƙin fitar da yaransu daga aji idan za a karanta musu littattafan da suka saɓa wa addininsu. Su masu kawo sauyin da kake yabo, su ne suka ce ba a isa a fitar da yaro ba. A wannan ranar ni godiya na yi wa alƙalan nan shida.

Yankan mazaɓu kuma ai ba jam'iyya ɗaya ke yi ba. Ita shari'ar 2019 ɗin da ka kawo, tare aka haɗa ta da ta Merilan, inda 'yan Dimokurat suka yi irin wannan aikin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Injiniya a Hustan:

Ƙaramin ƙari ga ɗalibinmu, don ya san yadda aka kai ga alƙalai shida masu ra'ayin mazan jiya da uku masu ra'ayin kawo sauyi. Alƙalan Kotun Ƙoli tara ne, kuma ba su da shekarun ritaya, ba kamar Najeriya da ake sauka a shekara 70 ba. Clarence Thomas tun 1991 yake kan kujera. A Fabrairun 2016 mai shari'a Scalia ya rasu, Obama ya miƙa sunan Merrick Garland, sai jagoran masu rinjaye a majalisar dattawa, Mitch McConnell na jam'iyyar Rifablikan, ya ƙi ko sauraronsa, ya ce shekarar zaɓe ce, a bar jama'a su yanke. A Satumban 2020 mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ta rasu, shi dai wannan McConnell ɗin ya sa aka tabbatar da Amy Coney Barrett saura kwana takwas zaɓe. Ta haka Trump ya naɗa alƙalai uku a wa'adi guda. Ba a karya doka ba. Amma ƙa'idar da aka kafa a 2016 aka take ta a 2020, kuma wannan ciwon bai warke a zukatan 'yan Dimokurat ba har yau.

Ɗan Maraɗi a Girinsboro:

Hajiya, ranki ya daɗe, a kan Merilan gaskiyarki ne, duka biyun. Ni ma uba ne, kuma hukuncin iyayen nan ya yi mini daɗi. Sai dai ki tuna waɗannan alƙalan na ɓangaren mazan jiya su ne a 2018 suka amince da dokar Trump ta hana 'yan wasu ƙasashe shigowa, mafi yawansu ƙasashen Musulmi, bayan shi da bakinsa ya yi kira a lokacin kamfe a rufe wa Musulmi ƙofa baki ɗaya. Su ne kuma a 2019 suka bari jihar Alabama ta zartar da hukuncin kisa a kan wani fursuna Musulmi, Domineque Ray, ba tare da limamin da ya roƙa ya tsaya kusa da shi ba, alhali limamin Kirista na gidan yarin yana da izinin shiga ɗakin. Saboda haka ni ba na auna kotu da ranar da ta yi mini daɗi. Mu a ƙasar nan tsiraru ne, baƙi ne, baƙar fata ne, Musulmi ne. Makamin da muke da shi ƙuri'a ce. Idan hukumar makaranta ta yi abin da ba mu so, muna iya haɗa kai mu kayar da ita a zaɓe. Idan kuwa aka shata mazaɓa yadda ƙuri'armu ba ta kayar da kowa, sai dai mu zauna muna jiran ranar da alƙali zai tausaya mana.

Kuma maganarki ta cewa kowa na yi, ita ce hujjata. Tunda kotu ta janye hannunta, abin ya zama gasa. A 2025 Teksas ta sake shata mazaɓunta a tsakiyar zango, ba tare da jiran ƙidayar jama'a ba, don nemo wa Rifablikan ƙarin kujeru biyar. Kalifoniya ta rama da nata biyar ɗin. Ɗan Rifablikan da ke Kalifoniya an cuce shi kamar yadda aka cuce ni a nan.

Ɗalibin Samaru:

Na gode ƙwarai, Yaya. Na ƙaru sosai. To wace mafita su masu kukan suke kawowa? Ko an bar wa Allah ne?

Ɗan Maraɗi a Girinsboro:

Shawarwari akwai su. Wasu na cewa a sa wa alƙalan Kotun Ƙoli wa'adin shekara 18, Biden ma ya goyi bayan haka a Yulin 2024. Wasu na cewa a ƙara yawansu, tunda adadin tara ba ya cikin tsarin mulki, majalisa ce ta tsayar da shi a 1869. Wannan na biyun ba na sonsa, don duk wanda ya ƙara huɗu, na bayansa zai ƙara shida. Wa'adin ne na ga ya fi hankali, tare da karɓe aikin shata mazaɓu daga hannun 'yan majalisa a ba hukuma mai zaman kanta, kamar yadda masu zaɓe a Mishigan suka yi a 2018.

Amma abin da ke hannunmu ya fi wannan kusa. A Nuwamban 2024 an yi zaɓen kujera ɗaya ta kotun ƙolin jiharmu. An jefa ƙuri'a sama da miliyan biyar da rabi, mai shari'a Allison Riggs ta ci da ratar 734. An sake ƙirga har sau biyu, ratar ta tsaya. Abokin takararta, Jefferson Griffin, wanda shi ma alƙali ne a kotun ɗaukaka ƙara ta jiha, ya nemi a zubar da ƙuri'u sama da 60,000, mafi yawansu wai don babu lambar lasisin tuƙi ko ta inshorar jama'a a takardar rajistar masu su. Mutanen nan sun bi duk ƙa'idar da aka gaya musu ranar zaɓe. An saka jerin sunayen a intanet, kuma na ga yadda bayan sallar Juma'a mutane ke tsayawa a farfajiyar masallaci kowa da wayarsa yana neman sunansa da na matarsa, dattijon da bai iya karatun boko ba yana miƙa wa yaro tasa ya duba masa. Wata shida ana wannan. Sai a Mayun 2025 wani alƙalin tarayya, Richard Myers, wanda Trump ne ya naɗa shi, ya ce ba a sauya ƙa'ida bayan an gama zaɓe, ya umarci a tabbatar da sakamakon. Griffin ya haƙura. Ina ambaton wanda ya naɗa alƙalin ne don Hajiya ta san ba duk na ɓangaren can nake yi wa kuɗin goro ba.

A 2020 ma kujerar babban jojin jiha da ƙuri'a 401 aka rabu. Mutanenmu da yawa suna cike gurbin shugaban ƙasa a saman takarda su miƙa, su bar sunayen alƙalai a ƙasa babu komai, alhali yawan masu takardar ɗan ƙasa a cikinmu a Girinsboro kaɗai zai iya taɓa irin wannan ratar. Shi ya sa duk zaɓe nake buga samfurin takardar ƙuri'a in kai masallaci mu bi ta layi-layi.

Aikin kuma bai tsaya ba. A Oktoban 2025 majalisar jiharmu ta sake taɓa taswirar, wannan karon mazaɓa ta 1 a arewa maso gabashin jiha ta nufa, wadda tun 1992 baƙar fata ke wakiltarta a Washinton.