Kafin a mai da tsohon gini gidan wasan kwaikwayo

Bakin mahalarta wata tattaunawa kan mai da tsohon gini gidan wasan kwaikwayo ya zo ɗaya: a fara da rufi da harsashi, fenti ya jira. Injiniya ya duba tsagewar bango da ruɓewar katako, domin a sama za a rataye fitilu masu nauyi. Tsofaffin wayoyin lantarki kuwa, a sauya su kakaf.

An daɗe a kan sauti, kuma da gaskiyarsu. Bangon siminti tsurarsa yakan maido da murya har na baya ya kasa gane magana. Labule mai kauri da kujeru masu laushi na shanye amsa-kuwwar. Wani ya ce a tsaya tsakiyar ɗakin a tafa, a saurara.

Ƙofofin fita su buɗe ta waje, a yi wa masu keken guragu gangara.