Tallafin manoma: kuɗi ake ba mutum a hannu, ko yaya abin yake?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum. Ni tela ne a Aboabo nan Kumasi, a Ghana, yayana kuma yana noman masara a Ejura, eka shida, gonar haya. Kowace damina ni nake tura masa kuɗin taki ta MoMo, wato ta waya, kuma wallahi abin ya fara fin ƙarfina. Kullum rediyo na cewa an ware wa manoma kuɗi, shi ko pesewa ɗaya bai taɓa gani ba. A hannu ake bayarwa? Mai gonar haya yana ciki? Yana da 'yan shanu kuma a hannun wani Bafulatani, su ma akwai nasu?

Tsohon mai shagon taki:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Galibi ba kuɗi ake miƙa wa manomi ba. A da, kamfanonin da ke shigo da taki gwamnati take biya, su kuma su sauke farashi. An fara haka a 2008 da takardar kupon. A 2017 shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya ƙaddamar da shirin tallafin noma na Planting for Food and Jobs a Goaso, gwamnati ta ɗauki rabin kuɗin buhu. Na sayar da takin da hannuna, buhun kilo 25 mai tambarin shirin. Da farko ya yi amfani ƙwarai. Daga baya masu fasa-ƙwauri suka riƙa tsallakar da shi Burkina da Togo, kamfanoni na kukan ba a biya su da wuri, rangwamen ya yi ta raguwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zuwansa a makare. Masara tana son taki tun tana ƙarama. Idan ya iso bayan ta yi goyo, me za a yi da shi?

A 2023 aka sauya salo a Tamale, ya koma bashin kayan noma, ka biya bayan girbi. A 2025 kuma Shugaba Mahama ya buɗe sabon shiri, Feed Ghana, a Techiman. Duk wanda ake ciki, sai da rajista. Yayanka ya ɗauki Ghana Card, katin ɗan ƙasa, ya je wurin malamin gona na gundumarsu, ya kuma shiga ƙungiyar manoma, don ta nan ake bi. A zamanin da nake shago ban taɓa tambayar kowa takardar fili ba, mai noman ake rubutawa.

Hajiya mai hatsi:
Ɗana, ku daina kallon taki kaɗai. Mu da muke auna masara mun san inda manomi ke faɗuwa. A 2024 fari ya bugi arewacin Ghana, aka hana fitar da masara, shinkafa da waken suya waje. Shekarar da ta biyo baya kaya suka yi yawa, farashi ya zube. Na ga dattijo zaune a kan buhunansa tun safe, yana roƙon a saya ko kuɗin mota ya fita. Da Buffer Stock, kamfanin gwamnati mai sayen hatsi ya ajiye, zai sauka kasuwa da kuɗi lokacin kaka, da ya fi mana rangwamen taki. Ka gaya wa yayanka ya busar da masararsa sosai, ya nemi ma'aji mai kyau, kada ya sayar duka a kaka.

Mai shanu na Kaase:
Maganar shanu kada ka sa rai da yawa. An buɗe shirin tallafin kiwo na Rearing for Food and Jobs a Wa a 2019, amma tumaki, awaki, kaji da aladu suka fi cin moriyarsa. Mu ba kuɗi muke nema ba. A ba mu mashaya, burtali da allurar ciwon huhu a kan lokaci. Rashin waɗannan na cikin abin da ke haɗa makiyayi da manomi faɗa a Agogo, har rai ya salwanta.

Ɗan Aboabo:
Allah Ya saka da alheri, na kira shi ya ce ranar Litinin zai je. Baba, idan ya karɓi bashin nan ruwa ya ɗauke, da me zai biya? Ana ɗaga wa mutum ƙafa?