Rajistar CSU: me take biya wa wanda ba shi da inshorar lafiya?

Mai Shago a Garwa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman bayani daga waɗanda suka san aikin asibiti, ko suka bi wannan al'amari tun daga tushensa. Bayan gwamnatin Kamaru ta ƙaddamar da shirin kula da lafiyar kowa da kowa, wato CSU, a watan Afrilun 2023, mu ma a gidanmu mun ba da sunayenmu an yi mana rajista. Ni ɗan kasuwa ne, ba ni da albashi, ba ni da kamfanin inshora da ke tsaya mini, kuma haka mafi yawan abokan zamana suke. Mahaifinmu yana fama da hawan jini da ciwon sukari, amma duk sanda muka kai shi asibiti sai mun biya kuɗin ganin likita, mu biya na gwajin jini, sannan a rubuta mana magani mu je farmasi mu saya, ba a taɓa rage mana ko dala ba, alhali sunansa yana cikin rajista. Ga kuma maiɗakina tana da juna biyu, an ce mu sayi shek sante, wato takardar da mai ciki ke saya don a kula da ita a asibiti. Shin me shirin yake biya, kuma wa yake biya wa? Haƙƙinmu ake ci ne, ko mu ne ba mu fahimci tsarin ba?

Ungozoma a Marwa ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sauki maiɗakinka lafiya. A game da Baba dai, ba wanda ya ci haƙƙinku, domin abin da aka ƙaddamar a garin Manju na yankin Gabas ranar 12 ga Afrilun 2023 mataki na farko ne kawai, kuma an taƙaita shi ga wasu rukunan mutane da wasu cututtuka. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ana duba shi kyauta, ana ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta, haka ma alluran rigakafi. Mai tarin fuka da mai ɗauke da cutar ƙanjamau ba sa biyan kuɗin maganinsu. Mai wankin ƙoda, wanda a da yake biyan sefa 5,000 a kowane zama, abin da ke kai wa 520,000 a shekara idan ana yi masa sau biyu a mako, yanzu 15,000 yake biya na shekara guda. Hawan jini da ciwon sukari na babban mutum ba sa cikin wannan jeri, haka ma karaya da tiyatar gwaiwa da sauran abubuwan da suka fi kai magidanta asibiti.

Shek sante kuwa ina ba ka shawara ka saya tun cikin yana ƙarami, kada ka jira sai naƙuda ta taso. Wannan shiri ya girmi CSU, domin tun 2015 ake aiki da shi a yankunanmu uku na Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, da tallafin Faransa da Jamus. Da sefa 6,000 mace za ta samu awon ciki da hoton ciki da haihuwa, har da tiyata idan haihuwar ta zo da gardama, sannan a ci gaba da kula da ita da jaririnta har kwana 42 bayan haihuwa. Sai dai ka tabbatar cewa cibiyar da za ta riƙa zuwa tana cikin waɗanda aka amince su karɓi shek ɗin, domin ba kowace ce ke karɓa ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda magidanci ke rasa inda zai sa kansa da tsakar dare, an ce za a yi wa matarsa aiki ga shi ba ko sisi a aljihunsa, ya san cewa jaka shida ba kuɗi ba ne a nan.

Tsohon Ma'aikaci a Ngaundere ya amsa:

Bayanin Hajiya ungozoma daidai ne, ni dai zan ƙara da dalilin da ya sa abin yake haka, domin matasa da yawa suna zaton biyan kuɗi a bakin ƙofar asibiti daɗaɗɗen abu ne da ba ya canzawa. Tsari ne da aka zaɓa. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako suka amince da cewa majinyaci ya riƙa biyan wani abu, a juya kuɗin a sayo magani, saboda a lokacin baitulmalin ƙasashe ya bushe kuma kantocin maganin asibitoci sun zama wayam. Tsarin ya dawo da magani kan kanta, amma ya ɗora nauyin a kan mutum a daidai ranar da ya fi kowa rauni, wato ranar da ciwo ya kwantar da shi ya hana shi nema. Har yau kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Kamaru daga aljihun iyalai yake fita kai tsaye. Kada kuma ka ɗauka, ɗana, cewa mai albashi ya tsira: asusun CNPS, wato asusun tallafin ma'aikata na ƙasa, fansho yake biya da kuɗin iyali da diyyar haɗarin wurin aiki, ba ya biyan kuɗin jinyar yau da kullum, sai fa wanda kamfaninsa ya yi masa inshora ta daban, kuma waɗannan 'yan ƙalilan ne.

Abin da ya fi damuna a jerin da Hajiya ta kawo shi ne wannan: gwamnati ta ɗauki nauyin wankin ƙoda, wanda yake da tsadar gaske, amma ba ta ɗauki nauyin ƙwayar hawan jini da ta sukari ba, alhali waɗannan cututtuka biyu suna kan gaba cikin abubuwan da ke kashe ƙoda. Ma'ana, mahaifinka zai biya da kansa muddin ciwon yana matakin da za a iya tare shi da araha, sai ƙodarsa ta lalace, Allah ya kiyaye, sannan shirin ya san da zamansa. Ban ce a janye tallafin masu wankin ƙoda ba, domin na san gidajen da wannan ragi ya hana su sayar da gona. Ina cewa ne an fara gini daga rufi. Kuma ba za a gyara wannan ba sai da kuɗi: a Abuja a 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, mu kuwa ko rabin haka ba mu kai ba.

Uwar Gida a Kusiri ta amsa:

Baba, ku gafarce ni, amma ko abin da aka ce kyauta ne ba kullum ake samunsa ba. Na kai ɗana wata cibiya da zazzaɓi a tsakiyar damina, aka duba shi ba a karɓi komai ba, amma aka ce maganin ya ƙare, aka rubuta mini in saya a waje. Irin wannan ne ke tura mata wurin masu tallar magani a bakin kasuwa, inda ake sayar da ƙwaya ɗaya ɗaya wadda ta sha rana, ba wanda ya san inda aka yi ta. Mace ba ta zuwa can don jahilci, tana zuwa ne domin shi mai tallar zai ba ta na dala ashirin, farmasi kuwa sai ta sayi kwali guda.

Ungozoma a Marwa ta sake amsawa:

Yaya, abin da kika faɗa yana faruwa, kuma ba zan kare shi ba. Yadda tsarin yake, cibiya ce ke fara yin aikin da kayanta, ta cike takardu ta aika, sannan a biya ta daga baya. Idan biyan ya yi jinkiri na watanni, ba ta da abin da za ta sake sayo magani da safar hannu da zaren ɗinki, sai shugaban cibiya ya shiga tsaka mai wuya: ko ya karɓi kuɗi a kan abin da doka ta ce kyauta ne, ko ya ce babu. Duk da haka, idan aka nemi kuɗi a wurinki kan abin da ke cikin jerin, ki nemi a ba ki rasit, ki kuma kai maganar ga shugaban gundumar lafiya, domin ƙorafin da ba shi da takarda ba ya zuwa ko'ina.

Malam Mai Shago, game da Baba, ga abin da zai rage muku nauyi kafin a faɗaɗa shirin. Ku roƙi likita ya rubuta maganin da sunansa na asali, ba da sunan kamfani ba, ku fara tambaya a farmasin cikin asibitin gwamnati, inda ake samun magungunan da ke zuwa ta hannun CENAME, wato cibiyar gwamnati mai sayo magunguna, da asusun lafiya na yanki, domin sun fi na waje sauƙi nesa ba kusa ba. Ku riƙe karne ɗaya, wato littafin asibitin da likita ke rubutu a ciki, ku riƙa zuwa wuri ɗaya, don kada a yi ta maimaita gwajin da aka riga aka yi. 'Yan uwa su yi karo-karo na wata-wata a ajiye kuɗin maganinsa daban, kada a jira sai ya ƙare a fara neman wanda zai ba da. Mafi muhimmanci kuma, kada ya daina sha don ya ji sauƙi, domin hawan jini ba ya yin gargaɗi kafin ya shanye ɓarin jiki. Idan har ta kai ga kwanciya a babban asibiti kuma kuɗin ya fi ƙarfinku, ku tambayi ofishin jin daɗin jama'a da ke cikin asibitin tun ranar farko, ku bayyana halin da kuke ciki kafin lissafin ya taru.