Zura sabuwar shokozoba a tsohon kube: abin da kowannenmu ya gani

Mai Datsun 240Z ta 1972:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu haɗa abin da kowannenmu ya gani da idonsa wajen zura sabuwar shokozoba a kuben asali na tsofaffin motocin gudu, wato bututun ƙarfen da take zama a cikinsa, domin aikin da na ɗauka zan gama a yini ɗaya ya shiga mako na uku. Gaban 240Z yana tsaye ne a kan irin ƙafar da injiniyan Amurka Earle MacPherson ya tsara, wadda shokozoba da sifirin suke haɗe a jiki ɗaya, kuma tun daga masana'anta man da fistin suna cikin kuben kai tsaye. Na kwance babban notin bakin kuben, na zubar da tsohon man, na wanke ciki, sannan na zura sabuwar da ta zo a rufe da manta. Motar ta daina lilo, amma yanzu duk ƙaramin gargadar da tayar gaba ta hagu ta taka sai in ji ƙwanƙwasa. Na duba bushin da robar sama, duk lafiyarsu ƙalau.

Mai Datsun 280Z ta 1977:

Wa alaikumus salam, Malam. Na taɓa jin irin wannan ƙara a tawa, kuma sai da na sauke ƙafar sau biyu kafin na gane inda take fitowa. Aikin notin bakin kube shi ne ya danne jikin shokozobar zuwa gindin kuben har ta kasa motsi. Idan jikin ya gaza tsawon kuben ko da milimita 2 ne, notin zai ɗauru a kan leɓen kuben, hannunka ya ji ya kama ƙam, alhali abin da aka sa shi ya riƙe yana hawa da sauka a ciki. Alamar da nake dubawa yanzu ita ce ta zare: idan an gama ɗaurewa, ya kamata a ga ɗan zaren notin ya rage a waje. Idan ya shige duka har ya zauna a kan leɓe, to akwai sarari a ƙasa.

Ka kuma tabbatar da cewa ta 240Z aka ba ka, domin kuben 280Z ya fi na 240Z faɗi, kuma motocin da suka haura shekara 50 ba kasafai ake samun su da ƙafafun da suka fito da su ba.

Mai Porsche 911 ta 1978:

Wannan magana ta ƙarshe da Malam ya yi ita ce ta same ni. A tsofaffin 911 babu sifirin a jikin ƙafar gaba, sandar murɗawa ce take ɗauke da nauyin motar har zuwa 1989, saboda haka ba a buƙatar abin matse sifirin, kuma na ɗauka aikin zai zo da sauƙi. Sai dai kuben yana zuwa iri uku, na kamfanonin Boge da Koni da Bilstein, kuma yawanci da launi ake gane su: baƙi, ja da kore. Na leƙa ƙarƙashin motata na ga kore, na sayi abin da ya dace da kore. Da na sauke ƙafar na goge ta, sai na tarar fenti ne wani ya shafa a baya, kuben kuwa na Boge ne mai noti a baki. Na Bilstein na ainihi a kife shokozobar take zama a cikinsa, kuma ɗan fil na ƙarfe ne yake riƙe ta daga gindi, don haka wadda na saya ba ta da wurin zama a nawa. Na mayar da ita na karɓi wadda aka yi domin kuben Boge. Tun daga lokacin ba na yarda da launi. Gindin kuben nake dubawa ko akwai fil, sannan in duba bakinsa ko akwai zare.

Bayan an ɗaura, gaban motar ya ɗan ɗaga saboda matsin iskar da ke cikin sabuwar, sai da na sake daidaita tsayinta kafin na kai ta alaimen.

Mai Triumph TR7 ta 1980:

Ni wahalata wajen fitar da tsohuwar ce. Wani ya riga ya zura wata shekaru da yawa da suka wuce, a bushe, ruwa kuma ya riƙa bi ta gefen notin yana taruwa a gindi har tsatsa ta haɗe ƙarfen biyu. Kwana 4 na yi ina ɗiga man kwance tsatsa ina bugun kuben a hankali da gudumar roba kafin ta saki. Saboda haka da zan zura sabuwa na zuba mai kaɗan a kuben, kamar cikin cokali uku, yadda zai hau gefenta ba tare da ya malalo ba. Man yana hana tsatsa, kuma yana kai zafin shokozobar zuwa bangon kuben inda iska za ta sanyaya shi. Ina roƙon duk wanda zai kama kuben a abin matse ƙarfe na kan benci ya guji tsakiyar bututun, domin idan ya lotsa ko kaɗan, sabuwar ba za ta shiga ba.

Mai Mazda RX-7 ta 1983:

Alhaji, na yarda da zuba mai, amma ba a kowace iri ba, kuma ina jin tsoron wani ya karanta ya yi wa tasa haka ba tare da ya duba ba. Shawarar ta dace da shokozoba mai bututu biyu, ɗaya a cikin ɗaya, wadda jikinta yake zaune daram a cikin kube. Mai bututu ɗaya da take a kife kuwa jikinta ne yake hawa da sauka a cikin hannun da aka zura, kuma tana buƙatar sararin da ke ƙasa ya kasance babu ruwa babu mai. Irin wannan yawanci da robar tsayarwarta, wadda ke hana ta bugun ƙarshe, take zuwa a ciki, ba a ƙara mata ta waje.

Abin da ya ci mini lokaci shi ne saiti. Jar Koni da na saka ana daidaita ƙarfinta ne kafin a ɗaura, a danne sandar fistinta har ƙasa sannan a murɗa. Ban ƙirga murɗin da na yi wa kowace ba, sai motar ta fito gefe ɗaya ya fi ɗaya tauri, dole na sake matse sifirin na sauke duka biyun. Kada kuma a kama sandar da filaya lokacin ɗaure notin sama, domin ƙarzuwa ɗaya a jikinta ta isa ta yaga robar da ke tare mai.

Mai Datsun 240Z ta 1972:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na sauke ƙafar hagu, na tarar da notin ya shige duka kamar yadda Malam mai 280Z ya kwatanta, kuma da na kama sandar na jijjiga sai na ji jikin yana motsi a ciki. Na auna sararin ya kai milimita 3. Na sa washa mai kauri wadda faɗinta ya yi daidai da cikin kuben a gindi, na zuba mai kaɗan tunda tawa mai bututu biyu ce, na fara ɗaura notin da hannu har ya kama zarensa sosai kafin na sa sifana. Yanzu zare biyu suna waje kuma ƙarar ta ɗauke. Ta dama ba ta yin ƙara, amma na lura notinta ma ya kusa zama a kan leɓe, don haka gobe zan sauke ta in auna kafin in kai motar alaimen.